Hular Kabewa da Malfa Mai Tuntu Talatin: Abubuwan Mamaki a Tufafin Limaman Katolika

Bahaushe ya san tufafi na magana. Rawani mai kunne biyu ba kowa ke naɗa shi ba, alkyabba kuma tana da masu ita. Haka abin yake a Cocin Katolika, inda bishop kan fito ranar babban biki da riga bisa riga, hula bisa hula. Yawancin kayan nan buƙata ce ta haife su: sanyi, gumi, rana da tafiya. Ma'anar ibada daga baya ta sauka a kansu. Ga kaɗan daga ciki.

Hular kabewa. 'Yar hular da ke manne a tsakar kai sunanta zuketo, daga kalmar Italiyanci mai nufin kabewa. A da, ana aske wa limamai tsakar kai, majami'un Turai kuwa na dutse ne masu tsananin sanyi, sai aka nemi abin rufe wurin. An soke askin a 1972, hular ta zauna. Launinta ke faɗin matsayi: fara ta Paparoma, ja ta kadinal, shunayya ta bishop, baƙa ta fada.

Hula mai tsini biyu. Mitra ita ce doguwar hular bishop, mai tsini gaba da baya da ɗamara biyu masu reto a ƙeya. Ana fassara tsinin biyu da Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. A 1049 Paparoma Leo na 9 ya ba babban bishop na Trier a Jamus izinin sa ta, kafin ta bazu ko'ina. Duk girmanta, idan bishop ya tashi yin addu'a sai a cire masa ita.

Ulun da ake binne mutum da shi. Paliyum wani siririn farin ƙyalle ne na ulu mai baƙaƙen gicciye 6, ana rataya shi a kafaɗu. Tafiyarsa doguwa ce. Ranar 21 ga Janairu, ranar tunawa da Agnes mai tsarki, ake sa wa 'yan tumaki biyu albarka a Roma. Sistocin gidan ibadar Santa Cecilia su ke saƙa shi da ulun tumakin. Daga nan a ajiye shi kusa da kabarin Manzo Bitrus, sai ranar 29 ga Yuni Paparoma ya sa masa albarka domin sababbin manyan bishop-bishop. Na Kaduna da Jos da Abuja da Yamai duk suna cikin masu sa shi. Ba a aronsa, ba a gadonsa, ba a sa shi a wajen lardin mai shi. In mai shi ya rasu, tare ake binne su.

Malfa mai tuntu talatin. Galero jar malfa ce mai faɗin baki, da tuntu 15 a kowane gefe. Paparoma Innocent na 4 ne ya ba kadinal-kadinal ita a 1245, lokacin taron birnin Lyon na Faransa. Asalinta malfar matafiya ce ta kare rana. In kadinal ya rasu, akan rataye malfarsa a rufin majami'a har ta ruɓe ta zube, don masu rai su tuna cewa ɗaukakar duniya ƙura ce. Ana ganin irinsu a babbar majami'ar St. Patrick ta New York. An daina ba da ita a 1969, amma tana nan a tambari: koriya mai tuntu 6 a kowane gefe ga bishop, 10 ga babban bishop.

Alkyabba mai jela. Kapa magna tana da jela mai tsawon mitoci, sai da wani ya bi baya yana riƙe da ita. Ana danganta tsawon da zamanin hawan doki, lokacin da take rufe bayan dabbar. Paparoma Pius na 12 ya rage tsawon ta kadinal-kadinal a 1952.

Ƙaramin gida. Babbar rigar da fada ke zurawa a kai lokacin Misa ta samo sunanta daga kasula, wato ƙaramin gida a Latin. Rigar tafiya ce ta Romawa, mai lulluɓe jiki duka. Mutanen gari sun sauya salo, limamai suka ci gaba da ita.

Hankicin da ya zama ado. Manifil ƙyalle ne da ke reto a hannun hagu. Da can hankicin share gumi ne. Da aka yi ta yi masa aikin zare har ya daina sharuwa, sai ya zama alamar wahala da hawayen hidima. Tun 1967 sa shi ba dole ba ne.

Maɓallai 33. A al'ada, doguwar rigar fada tana da maɓalli 33, adadin shekarun Yesu Almasihu a duniya. A Turai baƙa ce, a ƙasashe masu zafi kamar namu kuwa an yarda da fara.

Ruwan hoda sau biyu. Lahadi biyu kacal a shekara ake sa riga mai ruwan hoda: ta uku a makonnin jiran Kirsimeti, da ta huɗu a azumin kafin Ista. Alamar farin ciki ce a tsakiyar jira.

Riga uku a Ɗakin Hawaye. Tunda ba a san wanda za a zaɓa Paparoma ba, a al'ada ana tanadar fararen riguna uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, a wani ɗan ɗaki da ake kira Ɗakin Hawaye, kusa da majami'ar Sistine. Gidan ɗinkin Gammarelli, wanda aka kafa a 1798, shi ya shahara da wannan aiki.

Kambin da aka ajiye. Paparoma Paul na 6 ne na ƙarshe da aka ɗora wa kambi mai hawa uku, a 1963. A Nuwamban 1964 ya ajiye shi a kan bagade domin matalauta, yanzu yana wata majami'a a Washington. Babu Paparoman da ya sake sa kambi tun daga nan.

Mai karatu, duk ranar da ka ga bishop cikin shigarsa, dubi launin hularsa da abin da ke kafaɗarsa. Kafin ya buɗe baki, tufafinsa sun riga sun faɗa maka matsayinsa da nauyin da ke wuyansa.