Daga Wurno Zuwa Maiurno: Me Kirista Zai Yi da Kukan Nesa?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dinawa da Wurno da Rabah da Goronyo, manoman albasa da tafarnuwa na bakin gulbin Rima, da baƙin da ke zaune a cikinsu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa da matasa masu bautar ƙasa, waɗanda da dama daga cikinsu Kiristoci ne. Shirin na yau ya ɗauko tambayar da ake yi a coci-coci da yawa: idan labari ya zo cewa ana karkashe wata al'umma a wata ƙasa mai nisa, me ya hau kan Kirista?

Ga mutumin Wurno, Sudan ba ta da nisan da taswira ke nunawa. A watan Yulin 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, har suka yada zango a bakin kogin Blue Nile, kusa da Sennar. Garin da suka kafa sunansa Maiurno, kuma har gobe ana jin Hausa da Fillanci a cikinsa. Alhazan ƙafa da suka maƙale a hanyar Makka suka yi ta ƙara yawan Hausawan ƙasar.

Waɗannan dangin sun sha wuya tun kafin babban yaƙin ya ɓarke. A watan Yulin 2022 rikicin filaye tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Blue Nile ya ci rayuka fiye da 100, a watan Oktoba kuma aka sake kashe sama da 200 a yankin Wad al-Mahi. Sai ga 15 ga Afrilun 2023, ranar da sojojin Sudan da dakarun RSF suka juya wa juna bindiga. Mutum sama da miliyan 11 sun bar gidajensu. A garin El Geneina na Darfur, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da annobar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam, a Janairun 2025 Amurka ta ce abin da RSF ta aikata kisan ƙare-dangi ne, a ƙarshen Oktoban 2025 kuma birnin El Fasher na Darfur ya faɗa hannun RSF bayan ƙawanyar kusan wata 18. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa Musulmi ne. To, ina ruwan Kirista?

Tarihin Ruwanda ya nuna abin da ke faruwa idan coci ta amsa da cewa babu ruwanta. A 1994, cikin kwana 100 kacal, aka hallaka mutum kusan 800,000, yawancinsu Tutsi, a ƙasar da kusan kowa Kirista ne. Mutane sun ruga cikin coci suna zaton a can za su tsira, aka bi su har gaban bagadi. A cocin Nyange, katafila aka kawo ta rushe ginin a kan mutum fiye da 1,500, kuma kotun duniya ta samu limamin cocin, Athanase Seromba, da hannu a ciki, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2008. Ƙasashen waje sun san abin da ake ciki, suka kwashe 'yan ƙasarsu, aka rage dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a daidai lokacin da ya kamata a ƙara su. Sai a 2016 bishop-bishop ɗin Katolika na Ruwanda suka nemi gafara, a watan Maris na 2017 kuma Fafaroma Francis ya roƙi yafiyar Allah kan gazawar cocin. Shekara 23 ta yi yawa ga wanda ya binne 'ya'yansa.

Amma akwai wani labarin, kuma shi ne ya fi cancanta a daɗe a kansa. A farkon 2014, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, mayaƙan anti-balaka suka shiga farautar Musulmi gari-gari, suna ramuwar ta'asar da 'yan tawayen Seleka suka yi. A wani ƙaramin gari mai suna Bossemptélé akwai asibitin mishan, shugabansa wani fada ne ɗan ƙasar Togo, Bernard Kinvi. Lokacin da Seleka ke da ƙarfi, ya yi jinyar waɗanda suka raunata. Da reshe ya juye da mujiya, sai ya buɗe ƙofar mishan ga Musulmi, da yawansu Fulani makiyaya. Yakan fita cikin gari da rigarsa mai jan gicciye a ƙirji yana neman waɗanda suka ɓoye, ya ɗauko masu rauni, ya binne gawarwakin da aka yasar a kan hanya. An yi masa barazanar kisa ba sau ɗaya ba. Mutum fiye da 1,000 suka samu mafaka a hannunsa, daga bisani ya taimaka aka ɗora su a manyan motoci zuwa Kamaru. A Bangui kuma, babban limamin Katolika Dieudonné Nzapalainga ya ajiye Imam Omar Kobine Layama a gidansa wata da watanni, suka riƙa yawo tare da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suna kashe wutar fitina.

Fada Kinvi bai tambayi kowa addininsa a bakin ƙofa ba, kuma bai ƙirƙiro wannan daga kansa ba. A Linjila ta Luka akwai misalin Basamariyen da ya tsaya ya ɗauki mutumin da 'yan fashi suka yasar, bayan malaman addini biyu sun ratse sun wuce. Wanda ya taimaka ɗin baƙo ne, daga al'ummar da ba a ga-maciji da ita. Kiristocin farko na Antakiya su ma sun tara gudummawa suka aika Yahudiya lokacin yunwa, ga mutanen da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Najeriya kuma tana da nata gwarzon daga ɗaya ɓangaren: Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018.

Masu sauraro, mutanen gabashin Sakkwato sun san ɗaya fuskar wannan magana, domin su ma, a idon wasu, mutanen nesa ne. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka cika garin Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Bayan 'yan makonni aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Dubban iyalai suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, talakawan ƙauyukan Nijar suka raba hatsinsu da su tun kafin hukumar 'yan gudun hijira ta iso. Kiristocin jihar ma suna da nasu raunin: ɗalibin limanci na Diyosis ɗin Sakkwato da aka sace a Kaduna aka kashe a farkon 2020, da ɗalibar da aka kashe a kwaleji a Sakkwato a watan Mayun 2022, kisan da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi Allah wadai da shi.

A ƙarshen Oktoban 2025 Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, aka yi ta maganar kisan Kiristoci a kafafen duniya. Jinin Kiristocin Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna gaskiya ne, kuma babu mai imanin da zai raina shi. Sai dai Kiristan Amurka ko na Ingila da ya yi kuka a kansu bai taɓa jin sunan Goronyo ba, lissafinsa bai cika ba, kuma lissafin da bai cika ba yana iya ƙara wa wuta mai. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke jagorantar Katolikan Sakkwato tun 2011, ya daɗe yana faɗa wa gwamnatoci gaskiya kan zubar da jinin Arewa, na Musulmi da na Kirista. Abin da Goronyo ke so daga Kiristan nesa, shi ne El Fasher ke jira daga Kiristan Sakkwato.

Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Fasto ko fada na iya ambaton Darfur da Gaza da gabashin Kwango da sunayensu a addu'ar Lahadi, domin jama'a su san inda suke. Baiko na rana guda, komai ƙanƙantarsa, yana da hanyar isa ta ƙungiyoyin agajin coci irin su Caritas. Duk bidiyon gawarwakin da ya shigo WhatsApp, a tabbatar da inda aka ɗauke shi da ranar da aka ɗauka kafin a tura, saboda hoton ƙarya ya sha tayar da rikici a ƙasar nan. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da majalisar bishop-bishop suna da muryar da Abuja ke ji, Najeriya kuma ta taɓa karɓar baƙuncin sulhun Darfur a 2006. Ana iya matsa wa gwamnatin Najeriya ta sake tashi tsaye.

Ga Kiristocin da ke sauraro daga Dinawa zuwa Goronyo, ga roƙon shirin: ranar Lahadi mai zuwa a sa mutanen Sudan a addu'a da baiko, a kuma ware wani abu a kai wa 'yan gudun hijirar da ke zaune a Gandi da Goronyo da cikin birnin Sakkwato. Mu kwana nan, sai wani makon idan Allah ya kai mu.