Sharuɗɗan Shiga Horon Ƙwarewa a Ilmin Halayyar Ɗan Adam

An shirya wannan bayani ne domin ɗalibai, da iyayensu, da malaman makarantu, da duk wani ɗan ƙasa mai son sanin hanyar da mutum ke bi kafin a amince masa ya duba masu fama da damuwa ko rikicewar tunani. Ɗalibai da yawa ba su neman sanin sharuɗɗan karatun gaba da digiri sai bayan sun kammala digiri na farko, alhali kuwa yawancin waɗannan sharuɗɗa tun a makarantar sakandare da shekarun farko na jami'a ake cika su. Wanda ya bari sai ya zo bakin ƙofa sa'an nan ya tambayi abin da ake bukata, sau da yawa yakan tarar lokacin gyara ya wuce.

Mene Ne Wannan Ilmi?

Ilmin halayyar ɗan Adam shi ne binciken yadda mutum ke tunani, da yadda yake koyo, da yadda yake mantuwa, da abin da ke sa shi fushi ko tsoro ko baƙin ciki, da dalilan da kan sa halinsa ya canja. Ya tsaya da ƙafafunsa a shekarar 1879, sa'ad da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin bincike a Leipzig ta ƙasar Jamus. A 1896 kuma Lightner Witmer ya buɗe ɗakin duba masu matsala na farko a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara kafa sashen wannan ilmi a 1964, daga baya jami'o'in Ikko da Ibadan da Jos suka bi sahu.

Ya kamata jama'a su bambance ma'aikata biyu da akan rikita. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne wanda ya gama karatun likita, ya yi aikin sanin makama a asibiti, sa'an nan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a kan cututtukan hankali; shi ne ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuwa ba ya rubuta magani. Aikinsa shi ne auna hankali da hali da gwaje-gwaje na musamman, da gano tushen damuwa, da yi wa mutum magani ta hanyar zama da tattaunawa bisa tsari, mako bayan mako. Su biyun tare suke aiki, kowa da rabonsa. Wannan bayani a kan na biyun yake.

Me Ya Sa Ƙasa Ke Bukatarsu?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabaci binciken. Raba mutum da ƙwaya ba aikin allura kaɗai ba ne, sai da mai zama da shi ya gyara masa tunani.

Har wa yau, a dubi garuruwa irin su Bobi, a Ƙaramar Hukumar Mariga cikin Masarautar Kontagora, inda manoma da makiyaya ke zaune kusa da babbar makiyayar nan da gwamnati ta keɓe. Wannan yanki na Jihar Neja ya sha fama da 'yan bindiga. A 2021 an sace ɗalibai a Kagara, an kuma sace 'yan makarantar Islamiyya a Tegina. Yaron da ya dawo daga hannun 'yan bindiga yakan dawo da firgita, da rashin barci, da tsoron komawa aji, kuma ba a ganin wannan rauni da ido. Asibitocin da Gwamnatin Tarayya ta keɓe domin cututtukan hankali, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri, duk doguwar tafiya ce daga Bobi. Bugu da ƙari, maganin da ake yi da magana sai da harshen da mai ciwo ke ji. Saboda haka ɗan Bobi mai jin Hausa da Fulatanci ko Kamukanci, in ya samu wannan horo, zai yi aikin da baƙo ba zai iya ba.

A watan Janairu na 1923 ba a san irin wannan ma'aikaci a ƙasar nan ba; dokar da ake aiki da ita a zamanin, wadda Turawa suka kafa a 1916, a kan tsare mahaukata ta fi ƙarfi. Shekara ɗari bayan haka, a Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta tanadi haƙƙin mai ciwo na samun kulawa da mutunci. Amma doka ba ta duba marar lafiya, sai an samu ƙwararrun da za su aiwatar da ita.

Digiri Na Farko Bai Isa Ba

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, digiri na farko a wannan fanni bai mai da mutum ƙwararren da zai duba marasa lafiya ba. Shekara huɗun nan na farko na kafa tushe ne kurum. Ƙwarewa sai a digiri na biyu ake samunta, a ɓangaren aikin asibiti, tare da horo a gaban marasa lafiya ƙarƙashin idon wanda ya riga ya ƙware. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan aiki ba mai shi kaɗai yake shaƙewa ba: kuskure wajen auna yaro na iya sa a ce daƙiƙi ne a cire shi daga makaranta, kuskure wajen sauraren mai baƙin ciki kuwa na iya jawo asarar rai. Wannan ne ya sa aka tsaurara sharuɗɗan shiga.

Sharuɗɗan Shiga

Kowace jami'a tana da ikon tsara nata ƙa'idodi bisa mafi ƙarancin mizanin da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta shimfiɗa. Amma waɗannan su ne abubuwan da akan nema kusan ko'ina:

1. Sakamakon sakandare. Ana bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a jarrabawar WAEC ko ta NECO, a zama ɗaya ko biyu. Jami'o'i da dama suna ƙara neman Bayoloji, domin ba a fahimtar hali sai an san aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kada a ɗauka wannan takarda ta gama aikinta ranar da aka shiga jami'a. Za a sāke duba ta lokacin neman digiri na biyu, kuma wanda ya samu ya shige ba tare da kiredit ɗin Lissafi ba, a nan ne asirinsa kan tonu.

2. Digiri na farko a ilmin halayyar ɗan Adam. Dole ya fito daga jami'ar da NUC ta amince da ita. A ɓangaren aikin asibiti, jami'o'i da yawa ba su karɓar kowa sai wanda ya karanta wannan fanni kansa. Digirin ilmin zamantakewa, ko na koyarwa mai ɗauke da darussan jagora da ba da shawara, fannoni ne masu daraja, amma ba ɗaya suke da shi ba. A lura da wannan tun lokacin cika takardar JAMB.

3. Darajar digiri. A jami'o'in da ke auna sakamako bisa maki 5, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49, daraja ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku daga 1.50 zuwa 2.39. Mafi ƙarancin abin da akan karɓa domin digiri na biyu shi ne daraja ta biyu ƙarama, wasu jami'o'in kuma sukan ce kada makin ya gaza 3.00. Tun da guraben kaɗan ne, mai daraja ta biyu babba shi ke gaba. Wannan maki kuwa tara shi ake yi zango bayan zango tun daga shekarun farko, watau wanda ya yi wasa da farko da wuya ƙoƙarin shekarar ƙarshe ya fisshe shi.

4. Takardar bautar ƙasa. Tun da aka kafa hukumar NYSC a 1973, ana neman takardar kammala hidimar shekara guda, ko takardar yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri. Wanda ya yi karatu na wucin gadi, ba na cikakken lokaci ba, shi ma akwai takardar da hukumar ke ba shi.

5. Cikakken bayanin sakamako. Wannan ita ce takardar da ke nuna makin kowane darasi tun daga shekarar farko. Jami'ar da mutum ya gama ita ce ke aika ta kai tsaye zuwa jami'ar da yake nema. Takan ɗauki lokaci, saboda haka a nema da wuri. Masu zaɓe sukan duba musamman makin darussan ƙididdiga, da dabarun bincike, da gwajin hankali.

6. Masu shaida. Akan nemi wasiƙu daga mutum biyu ko uku, yawanci malaman da suka koyar da mai nema, su shaidi ƙwazonsa da halinsa. Wasiƙar kawu ko ta wani mai muƙami wanda bai san karatun ɗalibi ba, ba ta da nauyi a nan.

7. Jarrabawa da ganawa. Jami'o'i da yawa sukan yi jarrabawar tantancewa, wasu kuma su haɗa da ganawa ido da ido. Abin da ake dubawa a wurin ganawa ya wuce haddar littafi: ana duba haƙuri, da iya sauraro, da natsuwa, da riƙon sirri, domin mai wannan aiki zai ji abin da mutum bai taɓa faɗa wa ko da matarsa ba.

Wanda Bai Cika Sharaɗi Ba

Wanda ya fita da daraja ta uku, ko wanda ya karanta wani fanni dabam, kada ya yanke ƙauna. Akwai babbar difloma ta gaba da digiri, wadda kan ɗauki shekara guda, kuma wanda ya ci ta da kyakkyawan sakamako yana iya neman digiri na biyu. Sai dai kafin ya biya kuɗi, ya tambayi sashen a rubuce ko diflomar na kai mutum ɓangaren aikin asibiti, ko kuwa sauran ɓangarori kaɗai, kamar na halayyar ma'aikata a masana'antu. Wanda ya rasa kiredit kuma, ya sāke zama jarrabawa. Ba abin kunya ba ne.

Abin da Horon Ya Ƙunsa

Digiri na biyu yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2 ga mai karatu na cikakken lokaci. Ya ƙunshi darussa a aji, da aiki a asibiti ƙarƙashin kulawa, da rubuta kundin bincike wanda za a kare a gaban malamai. Asibitocin koyarwa na jami'o'i da asibitocin cututtukan hankali na tarayya, kamar na Yaba a Ikko da na Aro a Abeokuta, su ne wuraren da akan yi irin wannan aiki. A Aro ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a 1954, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, tsarin da ya yi suna a duniya.

Idan aka yi lissafi, ɗalibin da ya gama sakandare a Bobi yana da shekara 4 na digiri na farko, da shekara 1 ta bautar ƙasa, da kimanin shekara 2 na digiri na biyu, watau shekara 7 ke nan in ba a samu tsaiko ba. Mai son zama malamin jami'a ko jagoran bincike sai ya ƙara da digiri na uku, wanda akan nemi maki 3.50 ko fiye a digiri na biyu kafin a shiga, kuma ba ya gaza shekara 3.

Karatu a Ƙasashen Waje

A Ingila ma haka abin yake, har ya fi tsanani. Horon aikin asibiti digiri na uku ne na shekara 3, akan nemi daraja ta biyu babba, da digirin da ƙungiyar masana fannin ta Birtaniya ta amince da shi, da shaidar cewa mutum ya taɓa aiki da masu irin wannan matsala. A Amurka sai an yi digiri na uku, da shekara guda ta aiki a asibiti, sa'an nan a nemi lasisi daga jihar da za a yi aiki.

Duk wanda ya yi karatu a waje, sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance takardunsa. A Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan da aka bankaɗo cinikin takardun bogi. Iyaye su bincika matsayin makaranta kafin su sayar da shanu ko amfanin gona su tura yaro.

Kira Ga Jama'a

Ana kira ga malaman sakandare su bayyana wa ɗalibai waɗannan sharuɗɗa tun suna aji huɗu, lokacin zaɓen darussa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana kira ga iyaye su bar 'ya'ya mata su kai ƙarshen wannan karatu, domin akwai matan da ba za su iya buɗe cikinsu ga namiji ba. Mai neman taimakon kuɗi ya tuntuɓi hukumar ba da tallafin karatu ta jiharsa ko ta tarayya. Malaman manyan makarantun gwamnati kuma suna iya nema ta hannun makarantarsu daga asusun TETFund.

Jama'a kuma su sani suna da haƙƙin tambayar duk wanda ya kira kansa masanin halayyar ɗan Adam inda ya yi horo da matakin da ya kai, kafin su miƙa masa ɗansu. Mai son ƙarin bayani ya rubuta wa Sakataren Makarantar Karatun Gaba da Digiri ta jami'ar da yake so, ko ya duba shafinta na intanet, ya karanta sharuɗɗan shekarar da zai nema, domin sukan canja. Kada a ba kowa kuɗi a hannu da sunan samo gurbi. Matambayi ba ya ɓata.