KAZA DA LEMU: DAHUWAR DA TA TASO DAGA SIN, TA YI SUNA A AMURKA

A ƙauye ba kullum ake yanka kaza ba. Sai an yi baƙo, ko suna, ko salla, ko maigida ya komo daga cin rani. Ran da aka yanka ta kuwa, uwargida ke da aiki. Kaza guda, bakuna shida ko takwas. Ƙirji na baƙo, cinya ta maigida, yara su tashi da wuya da ƙafafu.

Mutanen ƙasar Sin, waɗanda ake ce ma Shinuwa, suna da dabara game da wannan. A dahuwarsu ta yau da kullum sukan yanyanka nama ƙanana, daidai loma. Ta haka kowa yana samun rabonsa. Naman yana nuna da sauri, itace ba ya ƙarewa da yawa. Cikin irin wannan dahuwa akwai wadda ake yi da kaza da lemun zaƙi. A Amurka iyalai da yawa suna yin ta a gida, su ci da dare tare da shinkafa.

ƁAWON DA BA A ZUBARWA

A kudancin Sin an daɗe ana noman lemu iri-iri. Idan sun sha lemu mai saukin ɓarewa, ba su yar da ɓawon. Suna shanya shi ya bushe, su adana. Sunansa "chenpi" da harshensu, wato tsohon ɓawo. Wanda ya fi suna shi ne na Xinhui, cikin lardin Guwandon. Can sai ɓawo ya shekara 3 a ajiye kafin a kira shi da wannan suna. Yana ƙara tsufa, yana ƙara ƙanshi, yana ƙara tsada. Masu maganin gargajiyarsu suna ba da shi don tari da kumburin ciki. Masu dahuwa kuma suna sa shi cikin nama.

A lardunan Sicuwan da Hunan mutane na son yaji ƙwarai. Can ne ake soya kaza da wannan busasshen ɓawo da busasshiyar tonka. Ba a lulluɓe naman da gari, zaƙinta kuma kaɗan ne. Yaji da ɗan ɗaci da ƙanshin lemu su ne kan gaba. Wannan ita ce kakar kaza da lemu.

YADDA TA ƘETARE TEKU

A shekarar 1848 aka gano zinariya a Kalifoniya, yammacin Amurka. Shinuwa da yawa suka shiga jirgin ruwa suka tafi neman arziki. Mafi yawansu ƴan lardin Guwandon ne. Daga baya dubbansu suka yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta haɗa gabas da yammacin Amurka, aka gama ta a 1869.

Da aiki ya ƙare, sai ƙyamar da ake musu ta ƙaru. A 1882 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta hana leburorin Sin shiga ƙasar. Ba a soke ta ba sai 1943. Waɗanda ke can aka rufe musu ƙofofin sana'a da yawa. Sai suka kama wankin tufafi da sayar da abinci. Baƙo kuwa, in zai sayar da abinci, dole ya duba bakin masu gari. Amurkawa suna son soyayyen nama da zaƙi. Masu dahuwa suka rage yaji, suka ƙara sukari, suka fara tsoma nama cikin gari kafin suya.

A 1973 wani mai suna Andrew Cherng da mahaifinsa, wanda gwanin dahuwa ne, suka buɗe gidan abinci a garin Pasadena na Kalifoniya. A 1983 shi da matarsa Peggy suka kafa Panda Express. A 1987 wani kukunsu mai suna Andy Kao ya haɗa kaza da lemu irin wadda aka sani yanzu, a tsibiran Hawai. Da farko da ƙashi yake yin ta, daga baya aka koma tsoka zalla. Ta zama abincin da ya fi fita a gidajen abincinsu, waɗanda suka wuce 2000. Daga nan ta shiga madafar iyalai.

Kenan dahuwar tana da gida biyu. Ƙanshinta na Sin ne, zaƙinta na Amurka.

KAYAN DA AKE BUKATA

Kusan duk kayanta manomi yana da su a gida ko a kasuwar ƙauye. Lokacin ɗari lemu kan yi araha. Ana samun na garaken Gaya, da wanda motoci ke kawowa daga kudu. Ga abin da za a tanada don mutum shida:

Kaza 1, sagara ko matashin zakara.
Ƙwai 2.
Farin garin rogo mai laushi, cokali babba 8. In babu, a sa garin alkama na kanti.
Man gujiya, rabin litar.
Lemun zaƙi 3.
Lemun tsami 2.
Sukari ko zuma, cokali babba 3.
Tafarnuwa, ƙwaya 4.
Ɗanyar citta, kamar tsawon babban yatsa.
Busasshiyar tonka 3 ko 4.
Gishiri.

Shinuwa suna ƙara wani baƙin romo mai gishiri da ake yi da waken soya da alkama, a bar su su ruɓa watanni. Ana sayar da shi cikin kwalba a kantunan birni. Wanda ya samu ya sa cokali 3, ya rage gishiri. Wanda bai samu ba ya daka daudawa kaɗan, ya jiƙa ta, ya tace ruwan. Ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, amma aikinsu ya yi kusa, don ita ma daudawa ruɓaɓɓiyar ƙwaya ce. Wasu masu dahuwa na Sin suna zuba giyar shinkafa kaɗan. Ba dole ba ce. Dahuwar tana yin daɗi ba tare da ita ba.

Garin rogon ma ana iya yin sa a gida, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. A feƙe rogo mai zaƙi, a daka shi lilis, a zuba ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta. A bar ruwan ya kwanta. Farin abin da ya zauna a gindin ƙwarya shi ake so. A tsiyaye ruwan, a shanya shi ya bushe, a murje.

YADDA AKE YI

1. Gyaran nama. Kazar gida ta fi ta Amurka ɗanɗano, amma ta fi ta tauri, don yawo take yi tana kiwo. Shi ya sa ba a zaɓen tsohuwa. A fige, a wanke, a zare tsokar ƙirji da ta cinyoyi daga ƙashi. A ɗan bubbuge ta da bayan wuƙa don ta yi laushi. A yanka daidai loma, girmansu ɗaya, don su nuna tare. Fukafukai a raba su a gaɓa.

2. Ƙashi ba ya lalacewa. A zuba ƙasusuwa da wuya da ƙafafu cikin tukunya da albasa da gishiri, a tafasa. Da wannan romo za a dafa shinkafa. Ta haka ɗanɗanon kaza zai kai ga kowace loma.

3. Rigar gari. A fasa ƙwai 2 kan naman, a sa gishiri kaɗan, a cuɗa. A ware cokali 1 na garin rogo a ajiye. Sauran a barbaɗa kan naman, a juya har kowane yanki ya sa riga. Wannan riga ita ke tsare ruwan nama a ciki, ita kuma romo zai kama daga baya.

4. Haɗin romo. A wanke lemu ɗaya sosai, don a kawar da ƙura da maganin ƙwari. A kankare fatarsa ta sama da wuƙa mai kaifi, siriri, a yayyanka ƙanana. A fatar nan man ƙanshi yake. Farin da ke ƙarƙashinta ɗaci gare shi, kada a haɗa da shi. Lemu kore ma yana yi. A ƙasashe masu zafi lemu kan nuna fatarsa tana kore, don sanyin dare ne ke sauya masa launi. A matse lemun zaƙi 3 da na tsami 2 cikin kwano, a cire ƴaƴan. A zuba sukari da romon soya ko ruwan daudawa, a motsa.

5. Suya ta fari. A ɗora mai cikin kasko mai zurfi. A gwada zafinsa da ɗan gutsuren ƙullu. In ya taso nan take yana kumfa, mai ya yi. In ya kwanta a ƙasa, a jira. In mai yana hayaƙi, ya wuce, a janye itace. A sa nama kaɗan-kaɗan. Idan aka cika kasko, mai zai huce, nama ya sha mai ya yi lagwab. A soya minti 4 ko 5, a kwashe, a tsane.

6. Suya ta biyu. Da an gama duka, a iza wuta, a maida naman cikin mai minti 1. Dalili shi ne: yayin da nama ke hutawa, laimar ciki tana fitowa ta jiƙa rigar gari. Suya ta biyu ita ke korar laimar. Sai rigar ta yi ƙarau, romo ba zai narkar da ita da wuri ba.

7. Dahuwar romo. A juye man, a bar cokali 1 a kasko. A sa dakakkiyar tafarnuwa da citta da tonka da fatar lemu. A juya har ƙanshi ya tashi, kada su ƙone. A zuba ruwan lemu, a bari ya tafasa. A dama garin rogon da aka ware da ruwan sanyi cokali 2, a zuba ana motsawa. In aka zuba shi busasshe zai yi gudaji. Nan da nan romo zai yi kauri, ya yi sheƙi kamar zuma.

8. Haɗawa. A ɗanɗana. In zaƙi ya yi yawa a ƙara lemun tsami. In tsami ya yi yawa a ƙara sukari kaɗan. Sannan a juye naman, a juya har romo ya lulluɓe shi, a sauke. Ba a haɗa su sai mutanen gida sun zauna, shinkafa ta nuna. Kazar ce ba ta jiran mutane.

HATTARA DA ABU BIYAR

Na ɗaya, kaza maras lafiya ba ta shiga tukunya. Wadda ke gyangyaɗi ko zawo a ware ta, a sanar da ma'aikacin kula da dabbobi.

Na biyu, ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da amai. A wanke hannu da wuƙa da akushi da sabuni kafin a taɓa wani abinci. A tsaga yanki mafi girma a duba. In da ja ko jini a ciki, a maida shi wuta.

Na uku, tafasasshen mai ya fi tafasasshen ruwa zafi. Yara su yi nisa da murhu, kada a yi suya da goyo. In wuta ta kama mai, a rufe kasko da marfin ƙarfe, a janye itace. Kada a zuba ruwa. Ruwa zai sa wutar ta yi tsalle ta kama mutum ko danni.

Na huɗu, abincin yana da mai da sukari da gishiri. Na ranar murna ne. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su ci kaɗan.

Na biyar, inda babu firigo kada a bar ta ta kwana. Cikin zafi dafaffen nama yana lalacewa cikin ƴan awoyi. A dafa daidai ci.

LOKACIN CI

A gidajen Sin kowa yana da ɗan kwanon shinkafarsa. Nama da ganye ana ajiye su a tsakiya, kowa ya miƙa hannu da tsinkensa biyu. Shinkafa ce babban abinci, nama ɗan rakiya ne. Kusan kullum akwai ganye a gefe. Mai garka yana iya yanka kabeji da karas da albasa, ya soya su sama-sama da mai kaɗan, minti 3 ko 4. In mutanen gida sun wuce shida, a ƙara ganyen da shinkafa. Ƙananan yara a zaɓar musu tsoka maras ƙashi. In lemu ya rage a ɓare musu su sha ɗanye, don wuta tana rage bitamin C da ke cikin ruwansa.

Man da ya rage a bari ya huce, a tace shi da ƙyalle, a rufe cikin kwalba. Zai yi wata suyar. Fatar sauran lemu biyun kuma a shanya ta inda iska ke ratsawa har ta bushe ƙarau, a zuba cikin gwangwani mai marfi. Ran da aka sake yanka kaza, ko da lokacin lemu ya wuce, a jiƙa ta cikin ruwan ɗumi, a yanka, a sa cikin romo.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wannan dahuwa ta yi tafiya mai nisa, daga Sin zuwa Kalifoniya da Hawai. Duk inda ta sauka, masu dahuwa sun yi ta da abin da ke hannunsu. Uwargidan da ke da sagara a akurki da lemu uku a ƙwarya, ita ma tana iya gwadawa a ɗarin bana.