B'Odogwu: Sabon Tsarin Kwastam da Buhun Riɗin Kirikasamma

A watan Oktoban 2024 Hukumar Kwastam ta Najeriya, ƙarƙashin shugabanta Bashir Adewale Adeniyi, ta fara gwajin sabuwar manhajar bayyana kaya mai suna B'Odogwu a tashar PTML da ke Legas. Cikin 2025 aka faɗaɗa ta zuwa Apapa, Tin Can da sauran ofisoshin hukumar. Ta gaji manhajar NICIS II, wadda kamfanin Webb Fontaine ya gina, kafin nan kuma an yi zamanin ASYCUDA.

Bayyana kaya shi ne ɗan kasuwa ya shaida wa kwastam abin da ke cikin kwantenarsa: irinsa, yawansa, ƙimarsa da ƙasar da ya fito. Mai shigo da kaya yakan buɗe Fom M ta bankinsa, kwastam ta ba shi takardar PAAR mai nuna rukunin kayan da ƙimarsu, sannan ejansa ya shigar da bayanin a manhaja a biya kuɗin fito. Na'ura ce ke zaɓen kwantenar da za a buɗe da wadda za ta wuce. Mai fitarwa kuwa sai ya yi rajista da hukumar NEPC, ya cike fom ɗin NXP ta banki, ya samo shaidar lafiyar amfanin gona, kuma wajibi ne kuɗin cinikin su dawo gida cikin kwana 180.

Manomin Kirikasamma ba ya cike ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu, amma suna taɓa aljihunsa ta fuska biyu. Injin ban-ruwan da yake jan ruwa da shi a fadamar kogin Haɗeja lokacin noman rani, da maganin feshi, da kayan gyaran babur, galibinsu ta tashar jirgin ruwa suka shigo. Riɗi da zoɓon da dillalai ke tarawa a kasuwannin masarautar Haɗeja kuma Kano ake kai su a tsaftace, daga nan riɗi ya nufi Japan, Sin da Turkiyya, zoɓo ya nufi Meziko. Duk kwanan da kwantena ta ƙara a tasha ana biyan kuɗin ajiya, kuma ɗan kasuwa ba ya haɗiye wannan asara. Yakan ɗora ta kan farashin inji, ko ya zaftare ta daga kuɗin buhu.

An ga haka a 2025, lokacin da manhajar ta riƙa tsayawa, ejan-ejan a Legas suka yi ta kukan cewa sabis ya ɗauke, kaya sun maƙale. Hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗa, ta yi alƙawarin gyara. Sauya tsari irin wannan ba ya rasa cikas, sai dai bai dace wanda bai yi laifi ba ya biya kuɗin jinkirin.

Duk da haka amfanin a fili yake. Bayanin da aka shigar a na'ura yana barin sawu, don haka rage ƙimar kaya a ɓoye ko neman na goro yakan ƙara wuya. Ga 'yan Arewa, tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Kano a Janairun 2023 tana ba da damar kammala takardu kusa da gida, ƙarƙashin ofishin kwastam na Kano da Jigawa, wanda iyakar Maigatari ma ke hannunsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙaramin ɗan kasuwa. Manhajar ba ta san mutunci ko sanayya ba, rajistar kamfani da lambar biyan haraji take nema, kuma kuskuren lambar rukunin kaya kaɗai na iya tsayar da kwantena. Ƙungiyar manoman da ke son fitar da riɗinta da kanta tana buƙatar waɗannan takardu, da asusun banki na kamfani, da ejan mai lasisi, tun kafin kaka ta yi.