Kwamfutar Wasa Da Aljihun Mai Saye: Abin Da Ya Kamata A Sani Game Da Ma'ajiyar Hoto

GOMBE. Duk wanda ya ratsa unguwar Pantami da yamma, daga wajen filin wasan ƙwallon ƙafa zuwa bakin kasuwa, zai ga cewa ƙwallo a yau ba a ƙafa kaɗai ake buga ta ba. Matasa da dama sun mayar da wasan cikin na'ura, wasu a gidajen wasa na haya, wasu kuwa a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, watau wadda aka fi sani da laftof. Wannan sha'awa ta haifar da ciniki, cinikin kuma ya zo da irin tasa rigimar. Abin da aka fi kuka da shi shi ne mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi kwamfuta da sunan tana da babbar ma'ajiyar hoto, ya je gida ya kunna wasa, sai hoto ya riƙa tsinkewa yana ɗingishi. Idan ya koma wurin mai shago sai gardama ta kaure, domin sau da yawa mai sayarwa da mai saye duk ba su fahimci lambar da suka yi ciniki a kanta ba.

Maganar ba ta tsaya kan masu wasa kaɗai ba. Ɗalibin da ke koyon zanen gine-gine, da mai tace hotunan bidiyo na bikin aure da suna, da mai zanen allunan talla, dukkansu da wannan ɓangare na kwamfuta suke aiki. Wasa dai shi ne ya fi saurin tona asirin na'ura, saboda haka da shi ake gwaji.

Ma'aji uku a na'ura ɗaya

Kwamfuta tana da wuraren ajiya iri uku, kuma ana iya kwatanta su da harkar ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi. Akwai sito, inda buhuna suke jibge. Wannan shi ne faifan ajiya, inda wasa yake kwance ko da an kashe na'ura. Akwai shago, inda ake kawo kayan da za a sayar a ranar. Wannan ita ce ma'ajiyar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira ram. Sa'an nan akwai tire da ke gaban mai awo, inda hannunsa ke kai wa ba tare da ya tashi ba. Wannan ita ce ma'ajiyar hoto, wadda take manne da katin hoto, watau na'urar da ke zana duk abin da ido yake gani a fuskar kwamfuta.

Katin hoto yana zana hoto sabo sau 30 ko 60 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya. Fuska mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye tana da ɗigo sama da miliyan biyu, kuma hoto ɗaya irin wannan yakan ci kimanin megabait takwas. Wannan ba wani abu ba ne. Abin da ya fi cika ma'ajiyar shi ne zane-zanen da ake lulluɓe kowane abu da su a cikin wasa: ciyawar fili, rigar ɗan wasa, fuskarsa, bangon gida, kwalta. Zane guda mai ɗigo 4,096 a kowane gefe yakan kai megabait 64 idan ba a matse shi ba, kuma wasan zamani yana buƙatar ɗaruruwan zane a lokaci guda. Daɗin daɗawa ga inuwa, ga haske, ga siffofin mutane da motoci. Idan aka haɗa kwamfutar da babban talabijin mai ɗigo 3,840 da 2,160, yawan ɗigon ya ninka sau huɗu ke nan.

Wannan ne ya sa buƙatar take hawa kowace shekara. Katin GeForce 256 da kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar a shekarar 1999 megabait 32 gare shi. Katin RTX 4060 na laftof, wanda ya fito a 2023, yana da gigabait takwas, watau ninki 256 na wancan. Haka kuma a ɓangaren wasanni, lokacin da GTA V ya fito a kwamfuta a 2015, gigabait ɗaya ne mafi ƙarancin abin da yake nema, amma wasan ƙwallo na EA Sports FC 24, na shekarar 2023, mafi ƙarancin katin da aka rubuta masa shi ne irin GTX 1050 Ti mai gigabait huɗu.

Na kanka da na aro

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bambanci tsakanin ma'ajiyar da katin ya mallaka da wadda yake ara. Manhajar Windows ta ba katin hoto damar ya ari har rabin ram ɗin kwamfuta idan tasa ta cika. Saboda haka na'ura mai kati na gigabait huɗu da ram gigabait 16 za ta nuna jimillar gigabait 12: huɗu nasa, takwas na aro. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya sayi kati mai gigabait 12. Akwai ma kwamfutocin ofis waɗanda ba su da katin hoto mai zaman kansa sam, sai ɗan abin da aka gina a cikin ƙwaƙwalwar Intel. Irin waɗannan sukan nuna megabait 128 kacal a matsayin nasu, amma jimilla ta nuna kusan gigabait huɗu idan ram ɗin takwas ne. Mai talla yana iya rubuta babbar lambar a takarda ba tare da ya yi ƙarya ƙarara ba, sai dai bai faɗi gaskiyar da ke da amfani ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma lissafi ya gaskata haka. Katin GTX 1650 na shekarar 2019 yana iya ɗebo gigabait 128 daga ma'ajiyarsa a cikin daƙiƙa guda. Amma hanyar da ta haɗa katin da sauran kwamfuta, a injinan wancan zamanin, ba ta ɗaukar fiye da kimanin gigabait 16 a daƙiƙa. Watau da zarar tire ya cika aka koma ɗebo kaya daga shago, saurin yakan ragu kamar sau takwas. Abin da mai wasa yake gani shi ne hoto ya tsaya cak na ɗan lokaci sa'an nan ya zabura, ko bango ya fito dishi-dishi kafin ya washe, ko kuma wasan ya rufe kansa baki ɗaya.

Haka zalika suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Katin RTX 3060 na kwamfutar tebur ya fito da gigabait 12 a 2021, amma mai irin sunansa na laftof gigabait shida gare shi. RTX 4090 na tebur yana da 24, na laftof 16. Ko a tsakanin laftof da laftof ma akwai bambanci, domin kamfanonin da ke harhaɗa su suna da 'yancin ba katin RTX 4060 wutar da ta kama daga wat 35 zuwa 115, kuma wanda aka ba ƙaramar wuta ba zai yi aikin wanda aka ba babba ba.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar aljihu, shi ne ma'ajiyar hoto ta laftof a like take da dalma a jikin allon na'ura. Ana iya ƙara ram a yawancin injina, ana iya canza faifai, amma gigabait huɗun da aka saya da shi za a zauna har ranar da na'urar ta tsufa. Ƙara ram yana faɗaɗa abin aro ne kawai.

Cikar ma'aji ba kullum ce matsala ba

A ɗaya gefen kuma akwai masu tayar da hankali ba gaira ba dalili. Mutum ya ga lamba ta nuna gigabait 7.5 daga cikin takwas sai ya ɗauka na'urarsa ta lalace. Wasanni da yawa sukan kama wuri fiye da abin da suke buƙata nan take, su ajiye kayan da mai yiwuwa za a nema nan gaba, kamar yadda mai awo yakan cika tirensa tun kafin masu saye su iso. Ma'ajiyar da ta zauna fanko ba ta amfanar kowa. Alamar matsala ita ce a ga ta kansa ta cika, ta aro tana hawa, hoto kuma yana tsinkewa a lokaci guda.

Idan hakan ta faru, magani na farko kyauta ne: a shiga tsare-tsaren wasan a rage ingancin zane daga mafi girma zuwa matsakaici, a rage inuwa, a rufe sauran manhajoji, musamman na shiga intanet, domin su ma suna cin rabonsu. Wasu wasannin, ciki har da GTA V, suna nuna ma'auni a shafin tsare-tsare wanda ke faɗa wa mutum adadin da zaɓinsa zai ci. Kuma ba kowane ɗingishi ne laifin ma'ajiya ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe yakan kusanci maki 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta toshe fanka, katin yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Haka ma idan aka ɗauke wuta na'ura ta koma kan batir.

Dala, naira da farashi

Dalilin da ya sa kuskure a wannan ciniki yake da zafi shi ne tsada. Nijeriya ba ta ƙera waɗannan katuna, saboda haka farashinsu yana bin dala. Yawancin kwamfutocin da ake sayarwa a Gombe na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano kafin su iso, kuma kowane zango yana ɗora kuɗin mota da riba.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin nan dala tana kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Alal misali, kwamfutar dala 800, a farashin farko naira 368,000 ce, a na biyu kuwa miliyan ɗaya da dubu 200, tun kafin a sa kuɗin fito da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari. Da mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka kafa a 2019, albashin wata 12 ne da 'yan kai. Da naira 70,000 na shekarar 2024, ya zarce wata 17.

Kasuwar duniya ma ba ta zauna lafiya ba. A 2021 masu haƙar kuɗin kirifto sun wawashe katunan hoto, ga kuma ƙarancin kayan lantarki da annobar korona ta jawo, farashi ya yi tashin gwauron zabo. An sami sauƙi bayan Satumban 2022, lokacin da Ethereum ya daina amfani da irin wannan haƙa. Sai kuma ga kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun shigo da buƙata mai yawan gaske. Kamfanoni uku ne suke riƙe da mafi yawan kasuwar ma'ajiya ta duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Da suka karkata ga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, farashin ram ya hau matuƙa a ƙarshen 2025, har Micron ya ba da sanarwa a Disamban shekarar cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun jama'a kayansa masu tambarin Crucial. Shawarar da aka yanke a can nesa takan iso shagon Pantami a matsayin ƙarin farashi.

Sani shi ne jari

Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya nuna tun 1970 cewa idan mai saye ba ya iya bambance kaya mai kyau da maras kyau, zai ƙi biyan kuɗin mai kyau, daga nan masu kayan kirki su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Da motocin hannu ya yi misali, amma maganar ta dace da laftof na hannu. Ɗan kasuwa mai gaskiya shi ne na farko da zai yi asara idan masu saye suka daina yarda da lambobi.

Abin farin ciki shi ne gwajin ba ya cin ko kwabo. Tun daga 2017 shafin Task Manager na Windows yake nuna sunan katin hoto, da ma'ajiyar kansa a layi ɗaya, da ta aro a wani layin. Ya kamata mai saye ya duba layin farko, ya sa a kunna wasan ko manhajar da zai yi aiki da ita a nan cikin shago, a jone da wuta, a bar ta ta yi kamar minti 20 don a ga yadda za ta yi idan ta ɗumama. Sa'an nan a rubuta sunan katin da adadin ma'ajiyarsa a kan rasit. Gigabait huɗu yana ɗaukar wasannin ƙwallo da tsofaffin wasanni idan ba a matsa masa ba. Sababbin manyan wasanni sun fi son takwas, wasu ma sun fara ƙure takwas ɗin, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da The Last of Us Part I ya fito a kwamfuta. Wanda kuwa aikinsa rubutu ne da lissafi, ba shi da dalilin biyan kuɗin katin da ba zai mora ba.

Pantami, unguwar da Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ministan sadarwa da tattalin arzikin zamani daga 2019 zuwa 2023, yake amsa sunanta, tana cike da matasan da ke neman abinci ta hanyar kwamfuta. Ga ɗalibi ko mai tace bidiyo, laftof jari ne da watakila iyaye ko 'yan adashi suka haɗa masa, kuma ba lalle ne a sake haɗa masa wani ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da kwamfuta za su taimaki kansu idan suka wajabta wa 'ya'yansu rubuta ainihin ma'ajiyar kati a jikin kowace na'ura, mai saye kuma ya tuna cewa rigakafi ya fi magani: minti 20 na gwaji a shago ya fi wata 17 na nadama.