Amfanin Gawo a Gonakin Gwiwa

A makaranta a kan raba mana ilmi kashi-kashi: yau sanin tsirrai, gobe lissafin ciniki, jibi ladabi da kyawun hali. Amma a zaman duniya waɗannan abubuwa a haɗe su ke tafiya, har sau da yawa a kan same su duka a gindin itace ɗaya. Itacen da na ke so mu duba shi ne gawo, wanda kowa ya sani a gonakin Gwiwa, da Roni, da Kazaure, har Babura ta bakin iyakar Nijar.

Ƙasar wannan yanki yawancinta jigawa ce, mai rairayi, ba ta riƙe ruwa ko taki da daɗewa. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, abin da a ke nomawa kuwa gero ne, da dawa, da wake, da gyaɗa. Irin wannan ƙasa in ta zauna tsirara, iskar hunturu sai ta kwashe fuskarta, watau wurin da albarkar ta ke.

To, ga abin mamaki game da gawo. Sauran itatuwa da damina su ke yin ganye, su kaɗe da rani. Shi kuwa da ruwa ya sauka sai ya zubar da nasa, ba ya sake yin kore sai damina ta wuce. Don haka ne Hausawa su ke cewa ya ƙi ruwan Allah. Wannan hali nasa rahama ce ga manomi. Da fari, lokacin da gero ya ke bukatar rana, gawo ba ya yi masa inuwa. Na biyu, ganyen da ya zubar ya kan ruɓe daidai lokacin shuka, ya zama taki. Na uku, saiwarsa ta kan nutsa can ƙasa ta sha ruwa mai zurfi, saboda haka ba ya ƙwace wa gero laimar sama. A jikin saiwar kuma akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda su ke kama sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin tsiro, kamar yadda a ke samu ga wake da gyaɗa. Sa'an nan da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, shanu da awaki su kan taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Binciken da aka yi a Senegal cikin shekarun 1960 ya nuna geron gindin gawo ya ninka na fili.

Mutanen dā ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san aikinsa. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

Ina kuwa batun hamada? Wani malamin daji na Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya zaga Afirka ta Yamma a 1934, ya koma ya yi shela cewa Sahara tana matsowa kudu, za ta cinye gonakin ƙasar Hausa. Maganar ta tsorata hukuma, har Turawan Ingila da na Faransa suka haɗa wakilai suka bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Ba su iske yashi yana tahowa kamar rundunar yaƙi ba. Abin da suka iske shi ne ɓarnar da mutane su ke yi wa daji a inda su ke zaune. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fari kuma ya kan zo ya ƙarasa abin da gatari ya fara, kamar yadda aka gani a 1973 da 1984, lokacin da dabbobi suka mutu, rumbuna suka zama wofi.

Yanzu mu yi lissafin ciniki. Wanda ya sare gawo ya sayar da itacen wuta, kuɗin rana ɗaya ya samu, ya kuwa ci su cikin mako. Wanda ya bar shi, kowace shekara yana da taki ba saye, da abincin dabba, da 'ya'yan da zai iya tarawa ya kai kasuwa, da rassan da zai rage don girki. Na farko ya ci uwar kuɗi, na biyu riba ya ke ci. Duk da haka kada mu yi saurin zargi. Magidancin da hatsinsa ya ƙare tun bazara, yunwa ce ta miƙa masa gatari. Akwai kuma laifin doka. A Nijar, dokar daji ta Faransa ta 1935 ta mai da itatuwa na hukuma, har manomi ya riƙa ganin itacen gonarsa abin jawo masa tara ne, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Maganin ya fito daga maƙwabtanmu na Maraɗi. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashen itatuwansa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da a ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu saiwa da rai. Dabarar ba wuya: a zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a kowane kututture, a yanke sauran, a tsare su daga dabba da wuta. Tun da saiwa ta riga ta kafu, girma ba ya jinkiri. Manoma suka karɓa, maƙwabci yana koya daga maƙwabci, hukuma kuma ta sassauta musu a kan mallakar itacen gona. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka aka raya wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200, gawo yana cikin manyansu, musamman a ƙasar Damagaram.

Saura maganar hali. Malamanmu suna karantar da cewa wanda ya dasa itace, mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci, yana da ladan sadaka. Gona kuwa amana ce: mun gāje ta daga waɗanda suka bar mana gawo a cikinta, akwai kuma masu jiran gādo a bayanmu. Iskar da ta kwashe gonar wanda ya sare nasa ba ta tsayawa a kan iyaka, sai ta binne shukar maƙwabci.

'Yan'uwa, yawancinmu ƙauye za mu koma mu koyar. Jihar Jigawa tana cikin jihohin da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma malami ba sai ya jira wannan ba. Ya fita da yaransa gonar makaranta kafin sassabe, su ƙirga kututturen da ke toho, kowane yaro a ba shi nasa ya yi reno. Da kaka su auna geron gindin gawo da na fili, su rubuta abin da suka samu, su kai wa iyayensu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.