Kasa Riƙe Fitsari ga Mata: Abin da Binciken Likitoci ya Gano

Gabatarwa

Idan aka ce yoyon fitsari, abin da ke fara zuwa zuciyar Bahaushe shi ne matar da ta yi doguwar naƙuda har mafitsararta ta huje, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan ciwo yawanci sai da tiyata yake warkewa, kuma akwai cibiyoyin da ke aikinsa, kamar ta Babbar Ruga a Katsina da ta Danja kusa da Maraɗi. Amma akwai wata larura dabam da ta fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ita ce ta matar da mafitsararta ba ta huje ba, amma da ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga tulu, sai fitsari ya kuɓuce mata. Alwalarta ba ta daɗewa, shiga taro ya zame mata fargaba, kunya kuma ta hana ta faɗa wa kowa.

Inda matsalar take

A ƙasan ƙugu akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya. Su ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ke kuma taimakawa wajen matse bututun fitsari. Idan mutum ya yi tari, ciki yakan danno mafitsara da ƙarfi. Tsoka mai ƙwari takan tare wannan dannawa, mai rauni kuwa sai ta saki. Akwai kuma nau'i na biyu, inda mafitsarar ce da kanta ke matsewa ba shiri, fitsari ya kama mace ta kasa kaiwa bayan gida. Wasu matan suna fama da duka biyun.

Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Norwe, aka buga a shekarar 2000, ya tambayi mata kusan 28,000, aka sami ɗaya cikin huɗu tana da larurar. A 2003 masu binciken suka kwatanta matan ta fuskar haihuwa. Cikin waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kashi 10 cikin 100 ne ke da ita. Cikin waɗanda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, kashi 16. Cikin waɗanda suka haihu da kansu, kashi 21. Ke nan ɗaukar ciki kansa yana taɓa waɗannan tsokoki, naƙuda kuma ta ƙara. Tsufa da ƙiba su ma suna da hannu.

Magani

A shekarar 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya nuna cewa ana iya ƙarfafa waɗannan tsokoki da horo, kamar yadda ɗan kokawa ke ƙarfafa damtsensa. Mace za ta matse ƙasanta kamar mai riƙe iska kada ta fita, ta tsaya haka na ɗan daƙiƙoƙi, sannan ta saki. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a yi aƙalla sau 8 a jere, sau 3 a rana, har tsawon wata 3 ko fiye. Ba a son a mayar da tsayar da fitsari ana cikin yinsa ya zama hanyar horon.

A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 31 da aka yi da mata 1,817. Cikin masu kuɓucewar fitsari saboda tari ko ɗaukar kaya, kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka yi horon sun ce sun warke, alhali kashi 6 kacal ne suka ce haka cikin waɗanda ba su yi ba. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2009 ya nuna cewa mata masu ƙiba da suka rage kimanin kashi 8 na nauyinsu sun sami raguwar zubar da kashi 47.

Tiyata tana nan ga wadda horo bai wadatar ba. A 1996 likita Ulf Ulmsten na ƙasar Suwidin ya bayyana hanyar saka siririyar raga ta roba a ƙarƙashin bututun fitsari. Mata da yawa sun amfana, amma wasu sun gamu da ciwo mai tsanani, har Ingila ta dakatar da aikin a 2018.

Kammalawa

Larurar ba dolen tsufa ba ce, ba kuma ladan haihuwa ba ne da za a haƙura da shi. Matakin farko shi ne mace ta gaya wa likita ko ungozoma, a duba ko huji ne, ko ciwon mafitsara, ko raunin tsoka. Idan raunin tsoka ne, maganin farko ba ya bukatar kuɗi ko wuƙar likita, sai juriya ta wata uku.